Masaƙa a Hawa na Uku

Ginin jan bulo ne a birnin Lodz,
inda uwata Leokadia ta shekara talatin tana saƙa
har ƙugin inji ya cinye mata kunnen hagu.
An kwashe masaƙun tuni, an jera tebura.
Ni, Bogumila, ina hawa na uku,
daf da tagar da takan jingina ta ci burodinta da rana.

Ran Litinin Tymon ya shigo da dusar ƙanƙara a kafaɗa,
ko hula bai cire ba ya ce, "Jadawalin bana ya fito."
Muka taru a bayansa kamar masu duba sakamakon jarrabawa.
Yaren da aka raɗa wa sunan mesa ya haɗiye na gabansa,
wanda ake kira tsatsa, ikon Allah, shi ne ke ƙyalli,
nawa kuwa sai da aka gangara, aka ƙara gangarawa,
muka tarar da shi a raɓe can ƙasa
kamar wanda ya zo biki ba gayyata.

Ba wanda ya yi dariya.
Da ma sun yi, da na san abin faɗa.

Da yaren nan na biya haya,
da shi na saya wa 'yata takalmin sanyi, na yi wa uwata jana'iza.
Albashin direbobin taragon cikin gari
har gobe ta layukana yake bi kafin ya kai aljihu,
ba wanda ya taɓa tambayar wa ya rubuta,
don zanen da bai yage ba, wa ke cigiyar masaƙinsa?

Sai dai ban manta yammacin da aka garƙame ƙofar nan ba.
Ta dawo gida da almakashinta a aljihun riga,
ta zauna, ta daɗe tana kallon tafukanta,
ta ce, "Sun iya fa. Mai saye ne babu."

Shi ya sa ƙarfe tara, in na wanke tukunyar miya,
nake ɗora tabarau a hanci, in koma 'yar aji ɗaya
da shekara hamsin da huɗu a wuya.
Daren jiya sau goma sha bakwai kwamfuta ta ƙi aikina,
wai na ari abu ban mayar ba.
Ni da ko gishirin maƙwabta ban taɓa riƙewa ba!
Na rufe ta, na sha shayi, na zage ta a zuci,
na sake buɗewa.

Ran Alhamis sai ga Tymon a gefen teburina, yana sosa ƙeya.
Sabuwar manhajarsa, mai gudu kamar barewa,
ta zaftare wa masu aikin dare awa guda-guda.
Ban gama sanin yarensa ba, ina harhaɗa shi ne kamar mai koyon baƙi,
amma na san daren Oktoba da ake mayar da agogo baya,
ya taɓa hana ni barci tun shi yana goye.
Na ɗora yatsa a layi na tamanin da shida.
Ya yi shiru. Ya jawo kujera.
Ya ce, "In kin nuna mini irin waɗannan ramuka,
ni zan nuna miki yadda ake mayar da aron nan."

Muka kai har fitilun titi suka kama.

Baɗi ma jadawali zai fito,
wataƙila da yaren da yau ko suna ba a raɗa masa ba,
a lokacin Tymon ma zai ji yadda gangara take.
Ni dai almakashin na cikin durowata, ƙarƙashin wayoyin caji.
Tarago ya wuce, gilashin tagar ya ɗan girgiza.
Kuskure na goma sha takwas na jirana a gida.